BABI NA UKU: TARIHIN SHIRYA WAƘAR FADA A TSAKIYAR ƘASAR KATSINA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yankin da wannan nazari ya shafa, wato Kunduru da sauran garuruwan da ke cikin Ƙananan Hukumomin Kankiya da Kusada a tsakiyar Jihar Katsina. A wannan babi kuwa za a bi diddigin wata tsohuwar sana'a wadda mutanen yankin suka gada tare da sauran Katsinawa, wato shirya kiɗa da waƙar fada. Abin da ake nufi da shiryawa a nan shi ne aikin da makaɗi yake yi tun kafin waƙa ta isa kunnen mai sauraro, kamar zaɓen gindin waƙa, da ɗora mata karin murya, da daidaita ta da kiɗa, da kuma rarraba aiki tsakanin jagora da yaransa.

Yawancin nazarce-nazarcen da ɗalibai suke yi a kan waƙoƙin baka sun fi mayar da hankali ga matanin waƙa, wato jigonta da salonta, alhali kuwa matani ɓangare ɗaya ne kawai na aikin makaɗi. Manufar wannan babi ita ce a nuna cewa makaɗan fada suna da tsayayyar hanya ta shirya kiɗa wadda ba ta dogara da rubutu ba, ta dogara ne da ƙungiyar mutane masu zama tare shekara da shekaru. Za a kuma nuna yadda sauye-sauyen mulki da na'urorin zamani suka taɓa wannan hanya daga shekarun 1960 zuwa yau.

3.1 Hanyoyin Shirya Kiɗa

Kafin a shiga ƙasar Katsina, yana da kyau a ɗan dubi yadda wasu al'ummu suke shirya kiɗan da suke ɗauka a matsayin na ƙwararru, domin kwatanci yakan ƙara fito da abu fili. A ƙasashen Turai, mai shirya kiɗa yakan zauna shi kaɗai ya rubuta kowane sauti a takarda da wasu alamomi da ake jerawa a kan layuka. Ana danganta asalin wannan tsari na layuka ga wani malamin coci ɗan ƙasar Italiya mai suna Guido, wanda ya rayu a ƙarni na 11. Da wannan rubutu ne makaɗa hamsin ko fiye suke iya haɗuwa su kaɗa abin da wani ya shirya, ko da ya rasu da shekara ɗari biyu. Sai dai a lura, su ma manyan masu shirya kiɗan Turai da yawansu makaɗan fada ne. Joseph Haydn, alal misali, ya yi kusan shekara 30 daga 1761 yana yi wa gidan sarautar Esterhazy hidima, yana shirya kiɗa gwargwadon bukatar ubangidansa, yana kuma cin abinci a ƙarƙashinsa.

Wannan rubutaccen kiɗa ya shigo Nijeriya ta kudu, ta hanyar coci da makarantun mishan. Daga nan ne aka sami irin su Fela Sowande (1905-1987), wanda ya shirya African Suite a 1944, da Ayo Bankole (1935-1976), da Akin Euba (1935-2020). Babbar damuwar waɗannan masana ita ce yadda za su yi amfani da kayan kiɗan Turawa su fitar da sauti mai ɗanɗanon Afirka. Euba ya shahara da ra'ayin cewa ana iya sarrafa fiyano ta yi magana irin ta ganguna. A masarautun arewa kuwa abin bai bi wannan hanya ba, domin bayan da Turawa suka ci ƙasar a 1903 sun taƙaita ayyukan 'yan mishan a cikin masarautun Musulmi. Abin da talaka ya sani na kiɗan Turawa bai wuce badujalar soja da ta 'yan sanda ba. Saboda haka kiɗan da ya ci gaba da riƙe matsayin kiɗan ƙwararru a ƙasar Hausa, wanda ake gado, ake koyo na tsawon shekaru, ake kuma yi masa sarauta, shi ne kiɗan fada.

3.2 Kiɗan Fada a Katsina Kafin Jihadi da Bayansa

Kiɗan sarauta tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) a matsayin wanda ya fara amfani da kakaki a fadar Kano, kuma a cikin wannan ƙarni na 15 ne Muhammadu Korau ya yi sarautar Katsina. Kayan kiɗan fada sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda aikinsu shi ne bayyana ikon sarki ta hanyar take, kamar tambari da kakaki da farai da algaita. Akwai kuma waɗanda ake rera waƙa da su, kamar taushi da kotso da jauje da banga. Ba kowane basarake ake kaɗa wa tambari ko a busa wa kakaki ba, domin su alamun mulki ne. Hakimai da dagatai su ma suna da nasu makaɗa gwargwadon matsayinsu, kuma ta wannan hanya ce kiɗan sarauta ya sauko daga birnin Katsina har ya iso gundumomi irin su Kankiya da Kusada da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu. A ƙauyuka, kiɗan sarauta yana zaune ne kafaɗa da kafaɗa da kiɗan sana'a, kamar gangar noma ta manoma da kalangun mahauta da dundufar maƙera.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka fara a 1804, ya zo da sabon ra'ayi game da kiɗa. A cikin littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe a cikin halayen sarakunan da yake suka, ya kuma nuna cewa ganga tana halatta ne idan akwai wata manufa ta shari'a, kamar tara runduna ko sanar da tashinta da saukarta. Malam Ummarun Dallaje ya karɓi mulkin Katsina a 1807, tsofaffin sarakuna kuma suka yi arewa, inda daga baya suka kafa Maraɗi. Erlmann (1986) ya yi nazarin rubuce-rubucen shugabannin jihadi a kan kiɗa, kuma abin da tarihi ya nuna shi ne kiɗan fada bai mutu ba. Sababbin sarakuna sun gaji tambura da kakaki tare da gadon mulki.

Abin da jihadi ya sauya shi ne abin da makaɗi yake ɗorawa a cikin waƙa. Bayan jaruntaka da yawan dawaki, sai ya zama dole makaɗi ya yabi ubangidansa da riƙon addini da adalci da ilimi, ya kuma danganta shi da kakanninsa da suka karɓi tuta. Wannan ya ƙara wa mai shirya waƙa nauyi, domin yanzu sai ya san salsalar gidajen sarauta da ɗan abin da ba a rasa ba na ilimin addini. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906-1944) da ɗansa Sarki Usman Nagogo (1944-1981), lokacin da baitulmali da kotu da 'yan doka suke ƙarƙashin sarki, fadar Katsina tana da ƙarfin riƙe makaɗa masu yawa. A fadar Nagogo ne Muhammadu Sarkin Taushin Katsina ya yi suna, har waƙoƙinsa suka zama abin misali wajen nutsuwa da tsari. A wannan zamani ne kuma Ibrahim Narambaɗa ya yi fice a fadar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, sannan Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya zagaya fadoji da dama da kotsonsa.

3.3 Matakan Shirya Waƙar Fada

Duk da yake kowane makaɗi yana da nasa salo, ana iya fitar da matakai guda huɗu waɗanda makaɗan fada suka yi tarayya a kansu. Kalmomin da za a yi amfani da su a nan, irin su gindin waƙa da ɗiyan waƙa, su ne waɗanda Gusau (1988 da 1993) ya daidaita a fagen nazarin waƙar baka.

3.3.1 Tattara Bayani

Makaɗin fada ba ya fara waƙa sai ya san wanda zai yi wa ita. Yana bukatar sanin iyayensa da kakanninsa, da garuruwan da suka mulka, da yaƙe-yaƙen da suka yi, da kirarin gidansu. Haka kuma yana bukatar sanin abokan hamayyarsa, musamman 'yan'uwan da suka nemi sarautar tare da shi suka rasa, domin su ne zai yi wa habaici da zambo. Yawancin wannan bayani yana samun sa ne ta zaman fada da cuɗanya da fadawa da dogarai da kuma sanƙirarsa. Kuskure a wannan mataki yana da tsada. Makaɗin da ya rikita salsala a gaban jama'a, ko ya fito da zambo fili har aka gane wanda yake nufi ba tare da wata shakka ba, yana iya jawo wa kansa kora, ya kuma jawo wa ubangidansa rigima. Don haka ne ake sakaya abokin gaba da sunan dabba ko wata siffa ta jiki, yadda 'yan fada za su gane amma babu wanda zai iya kafa hujja.

3.3.2 Gindin Waƙa da Karin Harshe

Mataki na biyu, wanda shi ne mafi wuya, shi ne samar da gindin waƙa. Gindi shi ne layi ɗaya ko biyu ko uku da ake maimaitawa bayan kowane ɗan waƙa. Shi ne yake ɗauke da sunan ubangida ko kirarinsa, shi ne kuma yake tsayar da rauji, wato karin muryar da dukkan waƙar za ta hau, tare da saurin kiɗa ko jinkirinsa. Idan gindi ya zauna, sauran aikin yakan zo da sauƙi. Idan kuwa bai zauna ba, ko ɗiyan sun kai nawa waƙar ba za ta shiga bakin mutane ba.

A nan ne makaɗin Hausa yake fuskantar wata matsala da mai shirya kiɗan Turai bai san ta ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, wato hawa da saukar murya suna bambanta ma'ana. Kalmar kuka ta zubar da hawaye da kuka ta itace ba su da bambanci a rubuce, haka ma wuya ta jiki da wuya ta wahala, karin sauti ne yake raba su. Saboda haka makaɗi ba shi da ikon ya kai murya sama ko ƙasa yadda ya ga dama. Dole raujinsa ya bi hawa da saukar kalmomin gwargwadon hali, in ba haka ba mai sauraro zai ji wata magana daban. Bayan wannan kuma akwai nauyin gaɓa. Gaɓa mai dogon wasali ko mai ƙarewa da baƙi tana bukatar lokaci fiye da gajeriyar gaɓa, kuma dole a auna wannan da bugun kiɗa. Ke nan mai shirya waƙa yana neman kalmar da za ta cika sharuɗɗa uku a lokaci guda: ta dace da ma'ana, ta dace da rauji, ta kuma faɗa daidai kan kiɗa. Wannan ne dalilin da ya sa ake yawan samun kalmomin wani karin harshe, musamman Sakkwatanci, ko tsofaffin kalmomi a waƙoƙin fada, domin sau da yawa su ne suke cika ma'aunin.

Kayan kiɗan ma suna da hannu a cikin wannan aiki. Kotso yana da tsarkiya wadda ake matsawa a sassauta, don haka yana iya bin hawa da saukar magana ya faɗi take. Taushi kuwa ba shi da wannan dama sosai, sautinsa mai taushi ne kuma a daidaice, shi ya sa waƙoƙinsa suka fi tafiya a hankali, murya ce take ɗaukar yawancin nauyin. Ana shafa wa fatar waɗannan ganguna nake domin a daidaita amonsu. Makaɗin da ya tashi da taushi da wanda ya tashi da kotso ba za su shirya gindi iri ɗaya ba, ko da sarki ɗaya suke yi wa waƙa.

3.3.3 Aikin 'Yan Amshi

Mataki na uku shi ne zama da 'yan amshi. Jagora yakan kawo gindi da wasu ɗiya, a zauna a gida, yawanci da dare, a yi ta maimaitawa har kowa ya hardace. A ƙungiyar makaɗan fada aikin ɗan amshi ya wuce maimaita gindi. Jagora yakan fara layi ya saki, yara su karɓe su ƙarasa. Wani lokaci sukan yi ƙari, wato su ɗora wasu layuka a kan abin da ya faɗa kafin su koma gindi. Wani lokaci kuma sukan raka shi, muryoyi su tafi tare. Duk wanda ya saurari waƙoƙin Narambaɗa ko na Ɗanƙwairo zai ji yadda magana take wucewa daga bakin jagora zuwa na yara ba tare da tsaiko ba. Irin wannan ba ya yiwuwa sai an shirya shi, an kuma san inda kowa zai shiga da inda zai fita.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa 'yan amshi su ne takardar makaɗin fada. Abin da Bature yake adanawa a rubuce, makaɗin Hausa yana adana shi ne a ƙwaƙwalwar mutum biyar ko shida waɗanda suke kaɗawa suna kuma amsawa a lokaci guda. Su ne masu tuna masa ɗan da ya manta, su ne kuma masu gyara masa layin da bai zauna ba. Har ila yau ƙungiyar ita ce makarantar sana'ar. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ya koma ƙaramar ganga, ya shiga amshi, sai bayan shekaru masu yawa ya kai ga shirya tasa waƙa. Ɗanƙwairo kansa a ƙungiyar gidansu ya tashi kafin ya zama jagora, kuma bayan rasuwarsa 'ya'yansa ne suka ci gaba da riƙe ƙungiyar.

3.3.4 Fitar da Waƙa da Renonta

Mataki na ƙarshe shi ne fitar da waƙa a bainar jama'a. Lokutan da aka saba su ne daren Juma'a a ƙofar fada, da hawan salla, da naɗin sarauta, da bukukuwan gidan sarki. Sai dai fitar da waƙa ba shi ne ƙarshen shirya ta ba. Gindi yakan tsaya yadda yake, amma ɗiya suna ƙaruwa suna raguwa. Idan sarki ya yi wata tafiya ko ya sami wata nasara, sai a ƙara ɗa. Idan wani bafade da aka yaba ya faɗi daga matsayinsa, sai a cire nasa. Jagora yana kuma duban fuskar ubangida da ta jama'a domin ya san ɗan da ya kamata ya jawo da wanda ya kamata ya tsallake. Saboda haka waƙar fada ɗaya tana iya yin shekara ashirin ana renonta, kuma da wuya a rera ta sau biyu iri ɗaya.

3.4 Mamman Shata da Waƙar Nan Take

Ba za a yi maganar shirya waƙa a tsakiyar ƙasar Katsina ba tare da an ambaci Alhaji Mamman Shata ba. An haife shi a Musawa a 1923, kuma Musawa ta taɓa zama a ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Kankiya, inda har ya ci zaɓen kansila a shekarun 1970, lokacin ana cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Shata bai gaji kiɗa ba, bai kuma zauna a ƙarƙashin sarki ɗaya ba. Abin kiɗansa kalangu ne, wanda a al'ada na mahauta ne da dandalin 'yan mata. Duk da haka ya yi wa manyan sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya kuma yi wa attajirai da ma'aikata da direbobi da sauran jama'a.

Hanyar Shata ta shirya waƙa ta saɓa wa wadda aka bayyana a sama. Ya sha faɗa a hirarrakin da aka yi da shi cewa ba ya zama a gida ya shirya waƙa, a fage take zo masa. Tsarin ƙungiyarsa ma yana goyon bayan wannan magana. 'Yan amshinsa ba sa karɓe layi su ƙarasa, ba sa kuma yin ƙari. Aikinsu shi ne maimaita gajeren amshi ba tare da sauyi ba, makaɗan kalangu kuma su riƙe kiɗa. Wannan tsari yana ba jagora 'yancin ya faɗi abin da ya zo masa, domin babu wanda yake jiran wata kalma ta musamman kafin ya shiga. Lokacin da yara suke amshi kuma shi ne lokacin da yake auna layi na gaba. Abdulƙadir (1975), a kundinsa na digiri na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka, ya nuna yadda Shata yake amfani da wasu tsayayyun sassan magana da yake jujjuyawa a waƙoƙi daban-daban. Ke nan waƙar nan take ita ma tana da nata shiri, sai dai shirin yana cikin tarin abin da makaɗi ya tanada a ransa tsawon shekaru.

Abin lura a nan shi ne hanyar Shata ta fi dacewa da zamanin da ya zo. Makaɗin da yake yawo gari gari, yana haɗuwa da sababbin iyayen gida kullum, ba shi da lokacin zama ya yi wata guda yana gyaran waƙa ɗaya. Haka kuma yana iya waƙe abin da ya faru jiya, kamar yadda ya yi wa kumbon Apollo 11 da ya sauka a duniyar wata a 1969. Shata da Narambaɗa kowannensu yana da waƙa mai suna Bakandamiya inda ya wasa kansa ya nuna fifikonsa a sana'a, kuma sauraron su biyun a jere ya isa ya nuna bambancin hanyoyin nan biyu. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura.

3.5 Sauye-sauyen Zamani

Abubuwa uku ne suka fi taɓa sana'ar shirya waƙar fada daga shekarun 1960. Na farko shi ne raguwar ikon sarakuna. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun hukumomin gargajiya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da harkar mulki ga zaɓaɓɓun shugabanni, sannan a 1979 gwamnatin Abdulƙadir Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda Katsina take cikinta har zuwa 1987. Makaɗin fada a da ubangidansa ne yake ba shi gida da gona da doki da sutura, har ya yi masa aure. Da hannun hakimai da dagatai ya yi rauni, sai riƙe ƙungiyar mutum shida ko bakwai ya gagara, musamman a ƙauyuka. Yaran da ya kamata su zauna su koyi amshi sai suka koma noma ko cirani ko makaranta. Manyan makaɗa kuma suka juya ga attajirai da 'yan siyasa.

Na biyu shi ne na'urar ɗaukar magana. Faifan garmaho na farko bai wuce minti uku zuwa huɗu a kowane gefe ba, don haka dole makaɗi ya datse waƙarsa. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya ɗauki waƙoƙi masu yawa ya yaɗa su, daga baya kaset ya shigo ya kai su kowane ƙauye. Wannan ya yi babban amfani, domin ba don shi ba da muryar Narambaɗa da ta Sarkin Taushi sun tafi tare da su. A cikin wannan lokaci ne kuma Ames da King suka yi bincike a Zariya da Katsina, suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Amma na'ura tana kama rerawa ɗaya ce kawai daga cikin ɗaruruwa. Waƙar da a da take girma tana sauyawa, sai ta daskare a yadda aka ɗauke ta ran nan, har masu sauraro suka koma ganin duk wani sauyi a matsayin kuskure. Magadan makaɗa da yawa sun zama masu maimaita kaset ɗin iyayensu maimakon masu shirya sabuwar waƙa.

Na uku shi ne shigowar fiyano da situdiyo, wanda ya bunƙasa tare da finafinan Hausa daga shekarun 1990. A situdiyo mawaƙi yakan rubuta baitocinsa a takarda ko a waya, mai fiyano ya haɗa masa kiɗa, a ɗauki murya daban, amshi daban, sannan a haɗa su a kwamfuta. Mutum biyu ko uku sun isa su yi aikin da a da sai ƙungiya. Waƙar sarauta ba ta ɓace ba a wannan tsari. Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Alan Waƙa, ya yi wa sarakuna da dama waƙa, kuma a ƙarshen 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Naziru M. Ahmad sarautar Sarkin Waƙa. Sai dai kiɗan na'ura yana tafiya ne da bugu ɗaya daga farko har ƙarshe, ba ya jiran jagora, ba ya kuma amsa masa da take kamar yadda kotso yake yi. Sau da yawa kiɗan ne ake fara haɗawa sannan a nemi kalmomin da za a cusa a ciki, wanda hakan yakan sa a karya karin sauti ko a ja gajeriyar gaɓa. Bugu da ƙari, fagen da makaɗan gargajiya suke fitar da sabuwar waƙa shi ma ya ƙuntata, domin an dakatar da hawan salla a Katsina a 2019 saboda matsalar tsaro, a 2020 kuma saboda annobar korona.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an yi ƙoƙarin nuna cewa shirya waƙar fada sana'a ce mai ƙa'idoji, wadda ta faro tun kafin jihadi, ta kuma daidaita kanta da sauyin da jihadi ya kawo. An ga matakai huɗu da makaɗi yake bi, da yadda karin sauti da nauyin gaɓa suke iyakance masa zaɓi, da kuma matsayin 'yan amshi na ma'adanar waƙa da makarantar koyon sana'a. An kwatanta wannan da hanyar Mamman Shata, sannan aka kawo abubuwa uku da suka raunana tsohon tsarin. Abin da ya fito fili shi ne waƙoƙin da aka riga aka ɗauka suna nan a gidajen rediyo da cibiyoyin nazari da intanet, amma ilimin yadda ake shirya su yana hannun tsofaffin 'yan amshi da makaɗan hakimai da dagatai, kuma ba a cika neman su da hira ba, domin hankalin manazarta ya fi karkata ga jagorori. Akwai bukatar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da sassan nazarin Hausa na jami'o'i su riƙa ɗaukar zaman gwaji na makaɗa da rerawa daban-daban na waƙa ɗaya, ba rerawar fage kaɗai ba. A babi na gaba za a ɗauki wasu zaɓaɓɓun waƙoƙi a nazarci tsarin gindinsu da rabon aiki tsakanin jagora da 'yan amshi bisa matakan da aka shimfiɗa a nan.